Kalmomin da Shuyan Ba Ta Haddace Ba

"Yi mata magana mana, 'yata. Ke ake jira."

Goggo Fu ce ta faɗa tana murmushi, hannunta a kan kafaɗar Shuyan.

Shuyan ta ɗaga kai ta kalli baƙuwar da ke tsaye a bakin rumfar. Doguwar mace ce daga Kenya, mai sarin kaya. Ta buɗe wata shuɗiyar laima tana jujjuya ta, tana zuba Turanci kamar an kunna famfo. Ta yi tambaya, ta yi shiru, ta zuba wa Shuyan ido.

Ko kalma ɗaya Shuyan ba ta kama ba.

"Ƙanwata, kunya kike ji?" in ji Manli, 'yar masu rumfar da ke jikin ta Goggo Fu. Ita ce ta jawo baƙuwar har nan, yanzu kuma ta jingina da ƙofa ta harɗe hannu. "Ni da na ce ba sai na sa baki ba, tunda ga gwana a gida. Duk layin nan wa bai san kina haddace kalmomi kullum ba?"

Shuyan ta buɗe baki.

Babu abin da ya fito...

Matan rumfunan da ke fuskantarsu sun fara leƙowa.

In za a faɗi gaskiya, da farko abin ba ƙarya ba ne.

Shuyan 'yar ƙauye ce daga lardin Jiangxi, ta zo birnin Yiwu tana ɗinkin rufin laima a wata ƙaramar masana'anta. Karatunta bai yi nisa ba. Ta gaji da zama gaban keke daga safe har yamma, tana so ta koma tsaron rumfa a kasuwa, kuma a kasuwar nan mai Turanci ake fara ɗauka. Sai ta sauke manhajar koyon kalmomi a wayarta, irin wadda rabin 'yan matan garin ke da ita. Kalma za ta fito da hotonta, a ƙasa ga maɓalli biyu, kore na "na sani" da ja na "ban sani ba". In ka danna ja, ta yi ta dawo maka da kalmar har sai ta zauna maka. In ka gama rabonka na ranar, sai ta liƙa a shafin abokai cewa wance ta yi karatun yau, tare da yawan kwanakin da ta jera babu fashi.

A haka Jinbo ya fara ganinta. Shi kaɗai ne ɗan Goggo Fu, shi ke zuwa ɗaukar kaya a masana'antar da kekensa na lantarki mai ƙafa uku. Ya tarar da ita a kan matakala lokacin abincin rana, tsinkayen cin abinci a hannun dama, waya a hagu, tana ta motsa baki, taliyarta na hucewa.

"Ke da wa kike faɗa?"

"Da kalmar da ke nufin gwiwar hannu. Ta raina ni."

"To ki ci abinci. In kin ƙoshi kya fi ƙarfinta."

Ta yi dariya har ta kusa ƙwarewa. Kafin ya tafi ya karɓi lambarta. Tun daga ranar, duk safiyar da manhajar ta liƙa karatunta, shi ne na farkon danna mata alamar zuciya.

Sai odar damina ta zo. Aiki ya ninka, ido ya yi ja, yatsu suka kumbura. Wata safiya tana tafiya wurin aiki barci na fizgarta, ta buɗe wayar ta danna kore, ta sake danna kore, ta yi ta dannawa ba ta ko duba kalmomin ba. Kafin ta kai ƙofar masana'anta ta gama karatun ranar. Ta ce wa kanta gobe za ta rama.

Saƙon Jinbo ya shigo a take, da sunan lelen da yake kiranta da shi.

"Yanyan tawa, ko keken ɗinki yana hutawa. Ke ba kya gajiya ne?"

Washegari ma kore ta danna. Da jibi. Har ya zama kalmomin na wuce ta kamar turakun lantarki ta tagar jirgin ƙasa.

Ta so ta daina, amma maganar ta riga ta kai gaban Goggo Fu. Ranar da Jinbo ya ambaci sunan Shuyan a gida, uwar ko juyowa ba ta yi ba.

"'Yar ƙauye mai ɗinki? Ga Manli nan ta yi kwaleji, rumfarsu na jikin tamu, bango kawai za a fasa."

Shi kuma ya miƙa mata wayarsa, ya nuna mata shafin Shuyan, sama da shekara babu fashin rana ɗaya. Goggo Fu ba ta san Turanci ba, amma ta san darajar mutumin da ba ya fashi. Ta kuma gaji da tafintocin da ke janye mata masu saye su kai su inda aka fi shafa musu hannu. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce a kawo yarinyar ta gani.

Yau ce ranar. Shuyan ta zo da kwandon 'ya'yan itace da gwangwanin koren shayi, da nufin in an tashi kasuwa su wuce gida cin abinci. Manli kuwa ta taɓa jefa mata gaisuwar Turanci a layin sayen madarar waken suya, ta ga yadda idonta ya yi. Tun ranar Manli ta harbo jirginta, ta ajiye abin a ranta tana jiran lokacinsa.

"'Yata?" Goggo Fu ta sake kira. Murmushin ya fara bushewa.

Daidai nan Jinbo ya shigo da kwali a kafaɗa. Ya dubi Shuyan, ya dubi baƙuwar, ya sauke kwalin.

Sai ya yi wa matar magana da Turanci.

Ba wani Turancin kirki ba ne. Kalma ɗaya, ya tsaya, ya nemo wata, kamar mai hawa matakala da buhu a baya. Ya taɓa haƙarƙarin laimar ya faɗi sunan ƙarfe, ya hura iska da baki ya faɗi sunan iska, ya girgiza kai alamar ba ta karyewa. Baƙuwar ta yi dariya, ta gyara masa wata kalma, ya maimaita kunnuwansa jajur. Amma ta gane. Ta karɓi katin rumfar da laima ɗaya ta gwaji, ta ɗaga musu hannu ta wuce.

Goggo Fu ta riƙe haɓa.

"Kai kuma a ina ka samo wannan?"

Ya sosa ƙeya.

"A wurinta, Mama. Kunya ce ta ishe ni. Kullum in ga ta yi karatu bayan ta wuni a kan keke, ni kuma ina kwance ina wasa a waya. Sai na sauke irin tata. Ban taɓa bari ta liƙa nawa ba, don 'yan kaɗan nake iya yi a rana, kuma ja nake ta dannawa. Na ce sai na kusa kamo ta zan gaya mata."

Ya juyo wurin Shuyan, fuskarsa a sake.

"Yau dai tsoro ne ya kama ta. Ko ba haka ba, Yanyan?"

Ga ƙofa ya buɗe mata. Kai kawai za ta gyaɗa.

Ta dubi kunnuwansa da har yanzu ba su huce ba, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba tsoro ba ne, Yaya Jinbo."

"Me kika ce?"

"Kore nake dannawa... Ban san su ba. Ba na ma duba su."

Goggo Fu ta ɗauke hannunta daga kafaɗar yarinyar a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun odar daminar bara."

Manli ta yi wani ɗan tari ta koma rumfarsu. Aikinta ya gama.

Goggo Fu ta sunkuya ta ɗauko kwandon da gwangwanin shayin, ta ɗora wa Shuyan a hannu.

"Riƙe kayanki. Yau ba a girkin baƙi a gidana."

Shuyan ta saci kallon Jinbo. Kwalin da ya sauke yake kallo.

Layin masu laima dogo ne, kuma ranar ta san tsawonsa. Ta bi shi daga farko har ƙarshe rungume da kwando, kowace rumfa da idon da ke raka ta.

Kwanakin da suka biyo ba ta buɗe manhajar ba. In ta ji ƙarar keken Jinbo a tsakar masana'anta sai ta shige ɗakin ajiyar yadi ta tsaya a bayan tarin bandir har ya tafi. Yaya Kuang, wadda keken ɗinkinta ke kusa da na Shuyan, ta gaji da ganin haka.

"Ke, labarin ya riga ya zaga, ɓuyan me kike yi? Goge abin nan, ki ce wayarki ce ta faɗa ruwa. Ko ki tattara ki koma wani gari, ko'ina ana ɗinki. Wa ya san ki a can?"

"Haka nake tunani, Yaya."

"To yi da wuri. Kina ta ɗinka mini rufi a karkace."

Da yammacin ranar Shuyan ta fito ta tarar da Jinbo a bakin ƙofa, zaune a kan kekensa babu kaya. Babu wurin ɓuya.

"Hau," ya ce.

"Zan taka."

"To mu taka."

Ya bar keken a nan, suka bi gefen titi. Sai da suka wuce masu gasa dankali kafin ya yi magana.

"Ba Turancin ne ya dame ni ba. Kin san haka?"

Ta sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Kullum da safe ina danna miki zuciya. Kina gani. Ina rubuta miki ki huta, kina amsa mini da hoton murmushi."

"Tsoro na ji ka daina..."

"Da kin gwada ni."

Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu. Bai miƙa mata komai ba.

"Iyayen Manli sun shigo gidanmu jiya," ya ce. "Da shayi mai tsada."



"Kai me ka ce?"

"Na tashi na ba su wuri. Haushinki nake ji, Yanyan, sosai. Amma jin haushinki bai sa na fara son wata ba."

"To Goggo fa?"

Ya yi ajiyar zuciya.

"Ba ki san abin da kika yi mata ba. Da wayata ta bi layin nan rumfa rumfa tana nuna shafinki, tana cewa ku ga surukar da zan yi. Yanzu ko ruwan zafi ta je ɗiba sai an ce mata, 'Fu, ina malamar Turanci?' Wasu ma cewa suke da saninta, wai ta ƙirƙira ne don ta ƙona wa uwar Manli rai. Mace ce da ta fara da tallar maɓallan riga a kan tabarma, ba a taɓa kama ta da ƙarya a kasuwar nan ba. Yanzu sai ta jira kowa ya watse take zuwa famfo."

Shuyan ta tsaya cak.

Duk kwanakin nan kunyarta kawai take ji. Ba ta taɓa tuna cewa akwai wadda ke ɗauke da rabin kayan ba.

"Ka koma wurin kekenka," ta ce. "Kar a sace."

"Ke fa?"

"Ina da abin yi."

Washegari da sassafe ta nemi izinin rabin wuni. A cikin motar haya ta buɗe manhajar, ta nemo inda ake share komai a koma farko. Manhajar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Ta yi karatun ranar da gaske, ja bayan ja, har ta kusa wuce tasharta. Da abin ya liƙa "ranar farko" a shafin abokai, ta ƙara da hannunta a ƙasa: "Na baya duk ƙarya ne. Dannawa kawai nake yi."

Mutanen ƙauyensu za su gani. Uwarta za ta gani. Ta sa wayar a aljihu.

A ƙarshen layin masu laima akwai famfon ruwan zafi, inda matan rumfuna ke haɗuwa da safe kowacce da butar shayinta kafin masu saye su fara shigowa. Nan ake yanka kowa, nan ake ɗinke shi. Shuyan ta iso ana tsakiyar hira. Goggo Fu na can nesa a bakin rumfarta, buta a hannu, tana jiran a watse.

Hirar ta mutu.

Shuyan ta tsaya a gabansu ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska.

"Iyayena, ina kwananku. Ni ce Shuyan."

"Mun sani," in ji wata mai kitse da ake kira Goggo Pan. "Malamar Turanci."

Aka yi 'yar dariya.

"Na zo in gaya muku Goggo Fu ba ta yi muku ƙarya ba. Ni na yi mata. Abin da ta nuna muku, ita ma haka aka nuna mata. Ba ta sani ba, ɗanta ma bai sani ba. In akwai wadda za a yi wa dariya a layin nan, ga ni."



Goggo Pan ta kurɓi shayinta tana ƙare mata kallo.

"To yanzu me kika sani, tsakaninki da gaskiya?"

"Laima... da ruwan sama. Sauran duk ja."

Dariya ta ɓarke sosai. Wata ta ce ai ko jikanta na ajin yara ya fi haka. Wata ta ce a bar yarinya, ita ma ta sauke abin nan bara, a kalmar farko ta tsaya har yau. Uwar Manli ta rufe butarta ta bar wurin.

Shuyan na tsaye, fuskarta kamar an shafa mata barkono, ba ta gudu ba.

Sai ga Goggo Fu ta taho, takunta ɗaya ɗaya. Matan suka buɗa mata. Ta tsaya gaban yarinyar.

"Kin gama?"

"Na gama, Goggo."

"To matsa, kin tare mini famfo."

Shuyan ta matsa. Goggo Fu ta cika butarta a tsakiyar mutane, ta rufe, ta koma rumfarta ba ta waiwaya ba.

A wurin ajiye kekuna Jinbo ya cim mata yana haki.

"Yanyan!"

Ta ƙi juyowa. Ya zagayo ta gabanta.

"Wa ya sa ki?"

"Babu."

"Sakarya. Gaban Goggo Pan? Ni da aka haifa a layin nan ban taɓa tsayawa gabanta da son raina ba."

Ta yi dariya cikin kuka, majina da hawaye duk sun haɗu. Wannan karon ya miƙa mata hannun rigarsa.

"Yaya Jinbo... yaya kake jure danna jan nan? Kamar ana ce maka jaki kullum."

"Haka ne mana. Kunya ce kullum. Sai ka saba da ita, ka ga ba ta kisa."

Tun daga nan, duk ranar da ya zo ɗaukar kaya sai su zauna da kwanon taliya a tsakani, ya riƙe mata wayar. Malami ne marar tausayi. In ta yi jinkiri kaɗan sai ya danna ja da kansa.

"Na san ta fa."

"In kin san ta faɗi."

"Tana bakina."

"To ta zauna a can. Gobe ma haɗu da ita."

Ranar da ya manta kalmar da ke nufin madubi ita kuma ta tuna, sai da ta tashi ta taka rawa a gaban Yaya Kuang. Game da uwarsa kuwa, bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Damina ta wuce, sanyi ya fara shigowa.

Wata Lahadi ya zo da keken a wanke.

"Mama ta ce ki zo cin abinci. Ta ce kar ki kawo komai."

A gidan, Goggo Fu ba ta yi mata wata fara'a ba. Ta nuna mata kujera, ta jera kwanoni, kifi da ganye da farfesun kaza, ta zauna. Aka fara ci shiru. Shuyan shinkafa zalla take tsakura, ta kasa miƙa hannu tsakiyar tebur.

Can Goggo Fu ta ajiye tsinkayenta.

"Manli ta iya Turanci, wannan ba a musu. Amma yarinyar da za ta ɗauko baƙuwa ta kawo rumfata don a yi mini dariya a gaban layi, ba zan ba ta makullina ba. Da ta zo ta raɗa mini a kunne, da yanzu wata maganar ake yi."

Ta juyo ta dubi Shuyan.

"Ke kuma kar ki ɗauka na manta. Ban manta ba."

"Na sani, Goggo."

"Ba ki sani ba. Sai kin yi shekara kina buɗe rumfa kafin kowa, sannan mu ga."

Ta sa tsinkaye cikin farfesun, ta lalubo cinyar kazar, ta ɗora a kan shinkafar Shuyan.

"Ci. Uwarki tana ɗaga waya, ko sai an aika mutum?"

Shuyan ta ɗago.

"Tana ɗagawa..."

"To ki gaya mata bayan bikin sabuwar shekara muna tafe, ni da kawun yaron nan. Su faɗi abin da ake kaiwa a ƙauyenku, kar mu je mu yi abin kunya."

Jinbo ya ƙware da miya, ya shiga tari yana dukan ƙirji. Shuyan ta sunkuyar da kai kan kwanonta, kafaɗunta na girgiza, hawaye na ɗiga ɗaya bayan ɗaya.

Goggo Fu ta tura mata tsumman hannu.

"Share fuskarki. Kar ki ƙara mini gishiri a abinci, na riga na sa."